Yadda Ake Ɗaukar Hoton Malam-buɗe-littafi a Farkon Bazara

Shekarar da na fara wannan sha'awa, wata rana na dawo da hotuna sun fi ɗari uku a katin kyamara, kusan dukkansu furanni ne zalla. Wanda na fita dominsa ya riga ya tashi kafin yatsana ya sauka kan maɓalli. A 'yan kaɗan da ya tsaya kuwa, fiffike ɗaya ya fito ras, ɗayan ya zama hazo. Na ɗora wa kyamara laifi, har na fara tunanin sauya ta. Ashe ba ruwanta. Ni ne nake fita da tsakar rana, lokacin da ƙwaron ya fi ƙarfi, ina bin sa a guje kamar mai bin bashi.

Ilimin da kake buƙata a nan bai wuce abu guda ba. Jikin malam-buɗe-littafi ba ya riƙe ɗumi kamar namu. Tsokokin da ke kaɗa fikafikansa sai sun ɗumama zuwa wajen digiri 30 kafin ya tashi da kyau, kuma rana ce ke ba shi mafi yawan wannan ɗumin. Idan jikinsa da sanyi, zama yake. Idan ya ɗumama, ba ka isa ka cim masa ba. Duk dabarun da za su biyo baya a kan wannan aka gina su.

Bazarar da nake nufi ita ce wadda ke biyo bayan hunturu mai tsanani: Maris zuwa Mayu a arewacin duniya, Satumba zuwa Nuwamba a kudanci. Tana da safiya mai sanyi, ga gajimare da ke rufe rana yana buɗewa, shi ya sa ta fi kowane lokaci sauƙi ga mai koyo. Inda ba a irin wannan hunturun, makonnin da ke bin ruwan farko, sa'ad da ciyawa ta yi toho furanni suka buɗe, su ne ke yin wannan aikin.

Kayan aiki

Kyamara: duk wadda za ta bar ka ka zaɓi faɗin ƙofar haske da saurin ƙiftawa da kanka ta isa. Tsohuwa ce ko sabuwa, ba shi ne damuwa ba.

Gilashin gaba ya fi jikin kyamarar muhimmanci. Hanya biyu ce. Akwai gilashin makro mai tsawon milimita 90 zuwa 105, wanda ke iya nuna maka ƙananan ɓawon da ke jere a kan fiffike kamar rufin ɗaki, amma sai ka matsa kusa sosai. Akwai kuma gilashi mai jawo nesa, irin na milimita 70 zuwa 300 ko 100 zuwa 400, wanda za ka cika hoto da shi kana tsaye mita ɗaya ko ɗaya da rabi daga ƙwaron. Ga mai koyo, na biyun na fi so. Yana ba ka tazara, tazara kuwa ita ce abin da ƙwaron ke nema a wurinka. Kafin ka fita, duba jikin gilashin, an rubuta mafi ƙarancin nisan da yake iya saiti. Ka auna wannan nisan da idonka a gida, don kada ka je kana matsawa kyamara tana ta kai-komo ta kasa kama komai.

Idan ba ka da ko ɗaya daga cikinsu, kada ka fasa. Ana sayar da zobba marasa gilashi da ake sa wa tsakanin kyamara da gilashinta, suna rage nisan saiti. Akwai kuma ƙaramin gilashin ƙara girma da ake ɗaurawa a gaban wanda kake da shi. Dukansu suna aiki, sai dai muddin suna jiki ba za ka iya saita abin da ke nesa ba, sai ka cire.

Idan waya ce kaɗai a hannunka, ita ma tana yi, kuma zan faɗi yadda ake da ita a inda ya dace.

Sauran ƙananan abubuwa: batir na biyu, kati mai sauri da fili, ƙyalle mai laushi na goge gilashi saboda raɓa da ƙurar fure, farin kwali ko farar takarda mai kauri, da abin da za ka durƙusa a kai, don rabin aikin a gwiwa ake yin sa. Sa dogon wando da takalmi rufaffe, tufafi marasa ƙyalli, kuma kada ka sa abin da zai riƙa lilo a wuyanka ko a hannu. Sandar kafa kyamara mai ƙafa uku ba na ɗaukar ta sai da asuba. Da rana, kafin ka gama miƙe ƙafafunta ka girgiza ciyawar wurin duka.

Mataki na 1: Nemo wurin tun kafin ranar ɗauka

Fita ta farko ka yi ta ba don hoto ba. Je da rana tsaka, lokacin da suke ta shawagi, ka ga inda suka fi taruwa. Za ka lura ba tsakiyar fili suka fi so ba. Gefe suke bi: jikin shinge, bakin kurmi, gangaren da ke fuskantar rana, lungun da iska ba ta dukansa. A lambu kuwa, kusurwar da bango ya tare iska rana kuma ta fara sauka a kai da safe.

Lura da abu uku: furannin da suke sha, tsiron da matan ke zagayawa suna sauka suna tashi ba tare da sun sha komai ba, da duk wani wuri mai laima ko fili ƙwal da suke shan rana a kai. Macen da ke taɓa ganye tana wucewa ɗanɗana shi take da ƙafafunta, don a ƙafa suke jin ɗanɗano, tana neman inda za ta ajiye ƙwai. Kowane nau'i da tsiron da tsutsarsa ke ci, saboda haka idan ka gane tsiron ka gane inda za ka jira.

A Turai misali, waɗanda ke fara fitowa su ne waɗanda suka yi hunturu a ɓoye suna manya: rawayan nan mai kama da ganye da masana ke kira Gonepteryx rhamni, da Aglais io mai zanen idanu huɗu a fikafikai. Irin waɗannan sau da yawa za ka ga gefen fiffikensu ya yage, launi ya ɗan koɗe, don sun kwana biyu a duniya. Daga Afrilu sai Anthocharis cardamines ya fito sabo fil, namijin fari ne mai ruwan lemo a ƙarshen fiffike. A Amurka ta Arewa, Danaus plexippus na barin dazukan tsaunukan Meziko a watan Maris ya nufi arewa. Vanessa cardui kuwa daga Afirka yake tsallaka hamadar Sahara da tekun Bahar Rum ya shiga Turai, tafiyar da zuriya bayan zuriya ke kammalawa. Nau'o'in duniya sun haura 17,000, ba wanda zai haddace su. Ka san biyar ko shida da ke wurin da kake zuwa, ya wadatar a shekarar farko.

Idan babu filin ciyawa kusa da kai, jawo su. Tukwanen fure uku ko huɗu masu buɗaɗɗen kai, irin su ziniya ko lantana ko lavanda, a wuri mai rana da ba iska, sun isa. Haɗa su wuri guda maimakon ka warwatsa. Ajiye faranti mai jiƙaƙƙen yashi a gefe. Kuma ka daina fesa maganin ƙwari a wurin gaba ɗaya, don maganin bai san baƙon da ka gayyata ba.

Mataki na 2: Zaɓi sa'ar fita

Nan ne aka fi yin kuskure, nan kuma aka fi samun riba.

Masu ƙidayar malam-buɗe-littafi a Birtaniya, waɗanda ke wannan aikin tun 1976, suna da ƙa'idar gama-gari: ana ƙidaya daga ƙarfe 10:45 na safe zuwa 3:45 na yamma, ba a fita idan zafin iska bai kai digiri 13 ba, kuma tsakanin 13 da 17 sai idan akwai rana sosai. Su suna son su gan shi yana tashi ne don su ƙirga. Kai kuwa a zaune kake son sa. Don haka sa'o'inka su ne na gefen nasu, kafin su fara da bayan sun tashi.

Da sassafe za ka same shi maƙale a kan karan ciyawa ko kan fure, fikafikai a rufe, wani lokaci raɓa ta lulluɓe shi. Ba ya iya tashi. Kana iya kafa sanda, ka zagaya shi, ka zaɓi kusurwar da ka ga dama. Wahalar ita ce gano shi, don a rufe ɓacewa yake cikin ciyawa. Maganin wannan shi ne ka je tun yammacin ranar da ta gabata, kamar sa'a guda kafin faɗuwar rana, ka bi su da ido har ka ga inda suka sauka kwana. Sa alama da tsinke ko dutse a bakin hanya. Washegari da asuba yana nan inda ka bar shi.

Sa'ad da rana ta fara taɓa shi, sai ka shirya. Da yawa daga cikinsu za su buɗe fikafikai su shanya, kamar littafin da sunansu ya faɗa, na 'yan mintuna kafin su tashi. Wannan ɗan lokacin shi ne mafi daraja a yinin duka: launi a buɗe, haske mai laushi, ƙwaro bai gama farkawa ba. Amma ka sani ba kowa ke buɗewa ba. Rawayan da na ambata a rufe yake zama kullum, sai dai ya karkata gefensa ga rana. Haka ɗan koren nan Callophrys rubi. Na taɓa ɓata kusan sa'a guda a durƙushe ina jiran ɗayansu ya buɗe, ban san ba ɗabi'arsa ba ce.

Rana mai gajimare jefi-jefi ita ce na fi so a kan duka. Kana bin wani da ido yana ta yawo ba ya tsayawa, sai gajimare ya rufe rana, cikin minti ɗaya ko biyu sai ka ga ya faɗa kan fure ya lafe. Matsa a lokacin, saita komai, ka jira. Da rana ta leƙo zai buɗe, ka sami daƙiƙoƙi kaɗan. Da wannan dabarar kaɗai na taɓa samun mai ruwan lemon nan yadda nake so, don namijinsa in akwai rana ba ya hutawa.

Tsakar rana ba ta zama asara ba, sai dai aikin ya sauya. A lokacin ka tsaya wuri ɗaya kusa da furen da ake yawan ziyarta, ko bakin laka inda maza ke taruwa suna tsotsar gishirin ƙasa. Masu shan laka sukan shagala ƙwarai, har ka kwanta kusa da su ba su kula ba.

Mataki na 3: Saita kyamara kafin ka shiga ciyawa

Kada ka bari sai kana gabansa ka fara laluben maɓallai. Ga inda nake farawa, daga nan nake gyarawa.

Ƙofar haske a f/8 (duk yadda lambar ta ƙaru, ƙofar ƙuntata take). Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa idan a hannu kake riƙe da kyamara, in akwai iska ko yana shan fure yana motsi ka kai 1/1000. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ka bar wa kyamara ta zaɓa da kanta, ka sa mata iyaka a 1600 ko 3200 gwargwadon ƙarfinta. Masu koyo suna tsoron ISO mai yawa saboda tsakin da yake sa wa hoto. Tsaki ana rage shi a kwamfuta. Hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani.

Wurin saiti ka mayar da shi ɗigo ɗaya ƙarami da kai za ka ɗora inda kake so. Idan ka bar wa kyamara ta zaɓa, karan ciyawar da ke gaba za ta kama. Kunna ɗauka a jere, wato ka danna ta yi ta harbawa. In kyamararka na ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yi amfani da shi.

Hattara da farare da rawaya. Kyamara na auna hasken ciyawa mai duhu da ke kewaye, sai ta ƙara haske, farin fiffike ya ƙone ya zama fili babu jijiya babu zane. Rage hasken da kashi biyu bisa uku na mataki ko mataki guda cur a ma'aunin haske na kyamara, ka ɗauki gwaji a kan farin fure ka duba. Abin da ya yi duhu ana iya ɗago shi daga baya, abin da ya ƙone ya tafi.

A waya: kada ka yaudaru da yanayin makro, don a wayoyi da yawa sai ka kai santimita biyu ko uku yake aiki, kuma ba ƙwaron da zai yarda da haka sai mai barci. Yi amfani da gilashin 2x ko 3x idan wayar na da shi na gaske. Danna ka riƙe kan allo don kulle saiti, ja hasken ƙasa kaɗan. Kada ka buɗa yatsu kana jawo hoto fiye da ƙarfin gilashin, yanka kawai wayar ke yi.

Mataki na 4: Kusanta shi

Idanunsa ba su kai namu ganin ƙananan siffofi ba, amma wajen gane motsi da sauyin haske sun fi namu nesa ba kusa ba, kuma suna gani kusan ta ko'ina. Abu biyu ke korar sa: motsi na farat ɗaya da inuwa. Inuwar ce ta fi. Duk abin da ya gifta tsakaninsa da rana, tsuntsu ne a wurinsa. Kafin ka ɗaga ƙafa, duba inda inuwarka ta faɗi, har da ta hularka da ta gilashin kyamara.

Ɗaga kyamara zuwa fuskarka tun kana nesa, kada ka bari sai ka iso. Rage tsawo. Tafi kai tsaye zuwa gare shi a hankali, ba ta gefe ba, don abin da ke gilmawa ya fi saurin jan idonsa a kan abin da ke ƙara girma sannu-sannu. Ɗauki hoto tun daga nesa, ƙara taku, sake ɗauka, ƙara taku. Ko ya tashi a tsakiya, kana da wani abu a hannu. Kula da ƙafarka da gwiwarka: ciyawa a sarƙe take, ka taka kara a nan wanda yake kai ya girgiza a can.

Jira ya fara sha. Sa'ad da ya sauka kan fure, daƙiƙoƙin farko a tsorace yake. Da ka ga ya warware dogon bakin nan nasa da ke naɗe ya zura cikin fure, hankalinsa ya rabu, sai ka matsa.

Idan ya tashi, kada ka bi shi. Wannan shi ne abin da ya fi wuya ga mai koyo, don ƙafa da kanta take son bi. Tsaya cak inda kake. Mazan nau'o'i da yawa suna da wurin zama da suke karewa: ya tashi ya kori wani, ya zaga, ya dawo kan ganyen nan ko dutsen nan da ya bari. Saita kyamara a kan wurin, ka zauna. Sau da yawa bai fi minti biyu ba. Wanda ya saba da kai a wurin yakan daina ɗaukar ka a bakin komai, har wani ya sauka a hannunka yana tsotsar gumi.

Mataki na 5: Daidaita kyamara da fiffike

Wannan ne sirrin hoton da ke fitowa ras daga kai har gefen fiffike, kuma shi ne na fi daɗewa ban gane ba.

Idan ka matsa kusa, kaurin yankin da ke fitowa sarai yana raguwa ƙwarai. A f/8, in ƙwaron ya cika hoto daidai girmansa na zahiri a kan babban farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, wannan yankin bai wuce milimita ɗaya ba. In ka ja baya ya zama rabin girmansa, wajen milimita uku ne. Ka ga ke nan ba za ka iya sa ƙwaro mai kauri duka a ciki ba. Sa'arka ita ce fiffike shimfiɗaɗɗe ne kamar takarda. Idan bayan kyamararka ya yi daidai da shimfiɗar fiffiken, kamar tafin hannu biyu da ke fuskantar juna, komai zai shiga cikin wannan siririn yankin.

In fikafikai a rufe suke, sauko daidai tsayinsa ka fuskance shi ta gefe sosai. In a buɗe suke, ka zo ta bayansa ka leƙo daga sama, daidai karkatar da ya yi. Duba kusurwoyi huɗu na fiffiken a cikin allo. Idan sama ta fito ƙasa ta yi hazo, ba ƙofar haske za ka taɓa ba, jikinka za ka gyara: ɗan sunkuya, ɗan karkata hagu. Motsin santimita biyu na iya gyara hoton duka.

Kuskuren da ake yi shi ne a ƙuntata ƙofar haske zuwa f/22 don wai komai ya fito. Abu uku ke biyo baya: haske ya ragu har hoto ya girgiza, ciyawar baya ta fito ta cika hoton da tarkace, kuma ƙofar da ta ƙuntata fiye da kima tana rage kaifin hoton da kanta. Ni ba na wuce f/11 sai da dalili.

Inda ba yadda za ka daidaita, kamar yana fuskantar ka ko ya buɗe rabi, to ido za ka ba wa saiti. Mai kallo zai yafe maka gefen fiffike mai hazo, ba zai yafe ido mai hazo ba. A irin wannan kusanci nakan bar saitin a wuri guda, in riƙa matsar da jikina gaba da baya kaɗan-kaɗan ina harbawa a jere. Cikin goma, ɗaya ko biyu za su faɗa daidai. Manne gwiwar hannu a jiki, ka saki numfashi kafin ka danna.

Mataki na 6: Duba abin da ke bayansa

Sai ka ga mutum ya sami ƙwaro mai kyau, saiti ras, amma wani busasshen kara ya ratsa ta bayan kansa. Idonmu a kan ƙwaron yake, ba ma ganin karan sai mun dawo gida. Ka saba da zagaya gefunan allo da ido kafin ka danna.

Bayan da ke nesa shi ne ke narkewa ya zama launi ɗaya mai laushi. Saboda haka wanda ya hau kan dogon kara ya fi wanda ya nutse cikin ciyawa, kuma in ka durƙusa har abin da ke bayansa ya zama shingen da ke can nesa maimakon ƙasar da ke ƙarƙashinsa, hoton zai sauya gaba ɗaya. Bar masa fili a gefen da yake fuskanta, kuma kada ka yanke zaruruwan kansa biyu.

Game da haske, siririn gajimare ya fi rana tsirara, don launi ya fi fitowa ba inuwa mai kaifi. Da safe ko yamma gwada zagayawa rana ta koma bayansa: farare da rawaya sai su haskaka kamar fitila, jijiyoyin fiffike su bayyana. In gefen da ke wajenka ya yi duhu, farin kwalin nan ka karkata shi ya mayar da haske, amma a kan mai barci kawai, na farke ba zai tsaya ba. Walƙiyar kyamara ba na son ta a nan. Tana sa ɓawon fiffike ƙyalli, baya kuma ya yi baƙi ƙirin kamar dare. In dole ne, rage ƙarfinta sosai ka rufe ta da farin ƙyalle.

Mataki na 7: Iska da tashi

Iska tana zuwa ne tana lafawa. Saita, ajiye yatsa kan maɓalli, jira lafawar. Kana iya tsayawa ta inda take busowa jikinka ya tare ta, muddin inuwarka ba ta faɗa kansa ba. Ranar da ta yi yawa, nemi masu zama a ƙasa ko kan dutse.

Ɗaukar sa a sama kuwa sai ka yarda da asarar hotuna masu yawa. Kai saurin ƙiftawa 1/2000 zuwa 1/4000, ja baya ka bar fili, saita a kan furen da yake kai, ka fara harbawa kafin ya tashi, don in ka jira ka ga tashin ka makara. Wasu sabbin kyamarori na OM System da Nikon da Canon suna ajiye hotunan da suka gabaci dannawarka, in taka tana yi kunna shi. Mai waya ya ɗauki bidiyo na 4K ya ciro hoto daga ciki. Kowane ɗaya ya kai wajen megafiksel 8, ya isa kallo a allo.

Abubuwan da ba a yi

Za ka ji wasu na cewa a kama shi a sa a firji ya yi sanyi sannan a ɗora shi kan fure. Kada ka yi. Ƙurar da ke manne maka a yatsa in ka riƙe shi ɓawon fiffikensa ne, kuma ba ya sake tsirowa. Ban da haka, wanda ya san abin yana gane irin wannan hoton daga yadda ƙafafu suke a sandare. Asuba na ba ka wannan sanyin kyauta.

Kada ka tattake wurin. Ƙwai da tsutsa suna jikin tsiron da kake durƙusawa a kai, ƙwan mai ruwan lemon nan ma ɗaya-ɗaya ake manna shi a ƙarƙashin kan fure. Bi sawun da ke akwai, ka fita ta inda ka shiga. A gandun da hukuma ke karewa ka tsaya kan hanya, kuma in ka sami nau'in da ba kasafai ake gani ba, kada ka yaɗa ainihin wurin.

Ka kula da kanka ma. Doguwar ciyawa gidan kaska ce, a Turai da Amurka ta Arewa tana ɗauke da cutar Laim. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka in ka dawo. Duba ƙasa kafin ka dafa hannu, saboda maciji ma safiyar yake shan rana.

Mataki na 8: Bayan ka dawo

Buɗe hotunan a babban allo, ƙara girman kowanne a kan ido. Wanda idonsa bai fito ba, goge shi, ko da launinsa ya burge ka. Cikin ɗari in ka tsira da biyar, fitar ta yi kyau. Wajen gyara ka taƙaita: yanke gefe, rage hasken da ya yi yawa, ɗago inuwa kaɗan. Kada ka ƙara launi har ya wuce na gaskiya, don da launin ake gane nau'i.

Saboda ganewar nan, ka riƙa ƙoƙarin samun hoto biyu na kowane ɗaya, na sama da na ƙasan fiffike, ko da na biyun bai yi kyau ba. Nau'o'i da yawa ta sama kamarsu ɗaya, a ƙasa suke rabuwa. Manhajar iNaturalist na ba da shawarar suna, mutanen da suka san fannin kuma su tabbatar ko su gyara. Rubuta kwanan wata, sa'a, yanayin sama da furen da ka same shi a kai. Baɗi wannan rubutun ne zai gaya maka makon da za ka fara leƙa wane lungu.

In ka sami hoton ƙasan fiffiken Anthocharis cardamines da gilashin makro, ƙara girmansa har ƙarshe ka duba koren zanen nan da ke ɓoye shi cikin furanni. Babu koren ɓawo ko ɗaya a wurin. Baƙaƙe ne da rawaya a cakuɗe.